Hattara da Mai Sayar da "Fim na Musamman" ga Masu Ƙananan Jiragen Ƙasa

Jama'a, akwai wani da ke bin masu sha'awar ƙananan jiragen ƙasa na ado a Facebook da WhatsApp yana tallar fim na kyamara, wai an yi shi musamman don jirgi ya fito tangaram tun daga kai har taragon ƙarshe. Ƙarya yake yi.

Babu fim ɗin da ke wannan aiki. Jirgin ma'aunin HO, wato kashi 1 cikin 87 na jirgin gaske, dole sai ka matso da kyamara dab da shi, kuma da ka matso sai gaba ya fito, baya ya dushe. Maganinsa shi ne ka tsuke ƙofar haske zuwa f/16 ko f/22, ka kafa kyamara a kan ƙafa uku, ka bar ta a buɗe na 'yan daƙiƙoƙi. Fim kuwa, Ektar 100 ko Portra 160 na kamfanin Kodak sun wadatar, don ƙwayarsu, wato ɗige-ɗigen da ke haɗuwa su zama hoto, na da laushi.

Abin da yake turo wa mutane ya fi ƙaryar muni. Fim ɗin sinima ne yake yankawa, ya naɗe a tsohon gwangwani, ya manna takardar Portra 400. Irin wannan fim galibi yana da baƙin shafe a bayansa, kuma da ruwan ECN-2 ake wanke shi, ba C-41 da masu wankin hoto suka saba ba. Aka kuskura aka zuba shi a injinsu, baƙin ya narke ya ɓata ruwan, ya lalata naka da na bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba. Shi fim ɗin sinima ba laifi gare shi ba, masu gaskiya na sayar da shi da sunansa, kuma da araha.

Kafin ka biya, ka ce ya nuna maka harshen fim ɗin, wato ɗan bakinsa da ke leƙowa daga gwangwani. In bayansa baƙi ne ƙirin, ka tsaya. Bayan wanki kuma dubi gefe: na gaske sunan Portra ne a rubuce, na sinima za ka ga lamba irin 5219 ko 5207.

Har Kodachrome, wani tsohon fim mai launi, yake tallatawa, abin dariya. Kodak ta daina yinsa tun 2009, ɗakin wanki na ƙarshe da ke Kansas a Amurka kuma ya daina karɓarsa a ƙarshen 2010. Ko kyauta ya ba ka, ba inda za ka wanke shi da launi.

Ya ce ka tura kuɗi gaba ɗaya kafin ka ga kwali da ranar lalacewa? Toshe lambarsa, ka sanar da masu kula da zauren.