Taron masoya anime a Legas: ko ya cancanci Asabar ɗin ma'aikacin da ya zo daga Sakkwato?

Ma'aikacin da ofishinsa ya tura daga Sakkwato zuwa Legas domin horon aiki yakan tsinci kansa da Asabar da Lahadi a hannu idan horon ya ratsa ƙarshen mako, domin komawa gida da sake dawowa ba abin yi ba ne a kan hanyar da ta kai kusan kilomita 1,000, kuma babu ofishin da zai biya kuɗin jirgi sau biyu saboda kewar iyali. A irin wannan Asabar ce na halarci wani taron masoya anime, wato fina-finan zane na ƙasar Japan, wanda wasu matasa suka shirya a wani zauren haya da ke ɓangaren Victoria Island. Hukuncina a kansa shi ne ya cancanci rabin yini da kuɗin tikitin rana ɗaya, bai cancanci fiye da haka ba, kuma abin da ya ba shi wannan daraja ba shi ne abin da masu shirya shi suka fi tallatawa ba.

Kafin maganar taron akwai maganar amana, domin wanda aka tura aiki ba yawon buɗe ido ya je ba. Kuɗin masauki da alawus ɗin tafiya an bayar da su ne domin horon, saboda haka tikitin shiga da kuɗin mota da duk wata sayayya daga aljihun mutum ya kamata su fito, kuma bai dace rasit ɗinsu ya ɓuya a cikin takardun da za a miƙa wa akanta ba. Na kuma ga ya fi kyau in sanar da shugaban sashenmu tun kafin in bar Sakkwato, ko da yake ranar hutu ce, saboda kada hotona ya ɓulla a Facebook a tsakiyar masu shigar aljanu a daidai lokacin da ofis ke zaton ina ɗakin otal ina bitar takardu. Amsarsa gajeruwa ce: "Asabar taka ce, Malam, amma Litinin tamu ce." Wani dattijon abokin aikinmu da ke wurin kuwa bai ɓoye mamakinsa ba, ya ce, "Wanga abu ai na yara na, mi za ka yi can da gemunka?" Na ce masa, "Baba, in na dawo zan ba ka labari."

Tambayar dattijon tana da amsa. Yawancin waɗanda suka girma a gidan da ke da talabijin sun kalli anime ba tare da sun san sunansa ba, ko dai Voltron da aka riƙa nunawa a tashoshin Najeriya, wanda asalinsa zanen Japan ne da Amurkawa suka sake wa murya, ko kuma labarin ɗan ƙwallon nan da tashoshin Larabawa suka sa wa suna Kyaftin Majid. Tashar Spacetoon, wadda ta fara aiki a shekarar 2000, ta shigar da irin waɗannan shirye-shirye cikin gidajen Arewa da dama ta tauraron ɗan Adam, da Larabci mai tsabta wanda har wasu iyaye kan ce yana taimaka wa yara a Islamiyya. Waɗancan yaran su ne ma'aikatan yau, kuma sana'ar da suke kallo tun tuni ta wuce a kira ta wasan yara, tunda Hayao Miyazaki, fitaccen mai shirya anime, ya karɓi kyautar Oscar a 2003 ya sake karɓa a 2024.

Ya kamata mai niyyar zuwa ya daidaita tsammaninsa. Wanda ya ga bidiyon manyan taruka irin wannan, kamar Comiket na Tokiyo, wanda aka fara a 1975 kuma ya tara mutum kusan 750,000 a cikin kwana huɗu a Disambar 2019, ko Anime Expo na Los Anjalas, zai sha mamaki idan ya shiga zauren da na shiga. Ko a Legas ɗin ma, babban taron da aka fi sani shi ne Lagos Comic Con, wanda Ayodele Elegba ya kafa a 2012, kuma ya haɗa littattafan zane da wasannin kwamfuta da fina-finai. Wanda nake magana a kansa ƙarami ne ƙwarai idan aka kwatanta, zaure ɗaya da farfajiya, kuma mutum zai iya zagaye shi gaba ɗaya a cikin rabin sa'a idan bai tsaya ko'ina ba.

Sayen tikiti ta intanet bai ba ni wahala ba. Na biya da katin banki, aka turo mini lambar da ake haskawa a ƙofa, kuma farashin wanda ya saya da wuri ya fi na bakin ƙofa sauƙi. Akwai tikiti na musamman mai tsada wanda aka ce yana ba da kujerar gaba da jakar kyauta, kuma bayan na ga abin da ke cikin jakar a hannun wasu, 'yan takardun mannawa da hula da ruwan roba, ban yi baƙin cikin barinsa ba. Hanya ce babbar matsalar. Masaukin da ofis ya kama mana a Ikeja yake, kuma daga can zuwa tsibirin akan bi gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12. Da safiyar Asabar hanyar a buɗe take, amma da yamma labari kan sha bamban. Basakkwacen da ya saba tare kabu-kabu a bakin titi ya sani cewa tun 2022 gwamnatin Legas ta hana babura ɗaukar fasinja a Ikeja da Eti-Osa da wasu ƙananan hukumomi, don haka sai dai motar haya ta manhajar waya, wadda farashinta kan tashi idan hadari ya haɗu ko jama'a suka yi yawa. Kuɗin zuwa da dawowa ya fi kuɗin tikitin shiga nesa ba kusa ba, kuma wannan lissafi ne da ya kamata a yi tun kafin a biya komai.

An buɗe ƙofa bayan lokacin da aka rubuta da fiye da sa'a guda. Layin waɗanda suka riga suka biya da na masu biya a wurin ya cakuɗe, na'urar karanta lamba ɗaya ce tak ke aiki, kuma matasan da aka ɗora wa aikin, duk da ladabinsu, ba su da wanda ke ba su umarni. Wannan shi ne babban aibin shirin.

Ɓangaren 'yan kasuwa, wanda shi ne ya cika tallace-tallacen taron, shi ne ya fi ba ni kunya. Riguna ne masu hotunan jarumai, da maƙalan makulli, da 'yan tsana na roba, da takubban soso, kusan duk irin kayan da ake shigo da su daga Sin, kuma tebur na farko da na goma abu ɗaya suke sayarwa a farashi mabambanta. Littattafan manga, wato labaran zane na Japan, na asali kaɗan ne kuma tsadarsu ta wuce hankali, wasu kuma da ganin takardarsu da yadda tawadar ta dushe an san kwafi ne. Cunkoson wurin da hayaniyar ciniki sai ka ce jajibirin sallah a babbar kasuwar Sakkwato, amma babu abin da na ɗaga na ji ina son in kai gida. Na ga wani ɗamarar takobi da aka ce ta fata ce, alhali leda ce da aka shafa wa launi, na kuma yi tunanin dukawanmu da ke aiki da fatar jar akuya, waɗanda da za a nuna musu hoton abin da waɗannan matasa ke nema, da sun ɗinka wanda ya fi shi kyau da ƙarko.

A ƙuryar zauren, bayan an wuce duk wannan, aka jera teburan masu zane, kuma a nan na samu abin da ya biya ni kuɗina. Matasa ne 'yan Najeriya, maza da mata, kowa da aikin hannunsa a gabansa, wasu sun buga ƙananan littattafai da kuɗin kansu, wasu suna karɓar aiki nan take su zana wa mutum abin da ya nema. Na daɗe a gaban wata budurwa da ke aiki da alƙalami a kan allon kwamfuta. Ta fara da layuka masu launin shuɗi waɗanda ba su yi kama da komai ba, ta ɗora baƙin layi a kansu, sannan ta ɓoye shuɗin da taɓawa ɗaya, sai ga fuskar wata tsohuwa mai tallan ƙosai ta bayyana da tsagar goshinta da ɗaurin ɗankwalinta. Idanun irin na zanen Japan ne, amma kowa ya ga matar ya san a bakin tasha ya bar ta.

A tebur na kusa na tarar da wani saurayi da ya taso a Zariya, wanda ke zana labarin mahaya dawakai na zamanin da, da lifidi da kwalkwali da masu. Na lura ya naɗa wa kusan kowane mahayi rawani mai kunne biyu, har da bayi da 'yan rakiya, na ce masa, "Ƙanena, wannan naɗin ai ba na kowa ba ne, na 'ya'yan sarauta ne." Ya yi dariya ya ce, "Yaya, na sani, amma masu saye a nan shi suke so, domin ya fi fitowa a hoto." Mun jima muna muhawara a kan haka, kuma ban yarda da hujjarsa ba, domin masu zanen Japan da yake koyi da su sun shahara wajen bin diddigin sutura da makamai na tarihinsu, kuma wannan tsantseni na cikin abin da ya sa duniya ta ɗauke su da muhimmanci. Duk da haka na sayi littafinsa, na kuma karɓi lambarsa domin wani ɗan'uwana da ke karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya cika bayan littattafansa da zane amma bai taɓa haɗuwa da wanda ke cin abinci da wannan sana'a ba.

Zaman tattaunawa a kan sana'ar zane mai motsi shi ne abu na biyu da ya yi armashi, ko da yake an fara shi a makare kuma kiɗan da ke tashi daga dandalin waje ya riƙa danne muryar masu magana. Ɗaya daga cikinsu ya yi bayanin da ya buɗe mini ido a kan dalilin da ya sa anime yake da kamanninsa. Fim yana tafiya ne da hoto 24 a kowace daƙiƙa, amma masu aikin talabijin a Japan sukan zana 12 ko 8 kawai, su bar kowane zane ya tsaya na ɗan lokaci, su motsa baki kaɗai, ko su ja kyamara a kan hoton da ba ya motsi. Wannan dabarar tsimi ce da mai zanen Japan Osamu Tezuka ya yi amfani da ita a 1963 domin ya iya fitar da shiri kowane mako, daga baya ta zama salo. Darasin ga mai ƙaramin jari a Najeriya a fili yake, musamman da yake manhajojin zane irin su Blender da Krita kyauta ne. An kuma kawo misalin kamfanin Kugali, wanda ya yi aiki tare da Disney suka fitar da shiri a kan Legas a 2024. Kujerun wannan zama rabinsu babu kowa, alhali a waje ana tureniya wajen ɗaukar hoto.

Gasar shigar kwaikwayon jarumai ita ce abin da yawancin mahalarta suka zo domin shi. Akwai gwaninta a ciki, domin wasu sun ɗinka kayansu da kansu, sun yanka sulke daga tabarmar soso sun fente shi har ya yi kama da ƙarfe, kuma sun jure zafin Legas a cikinsa tun safe. Amma mai zuwa daga Sakkwato ya sani cewa wasu daga cikin shigar, musamman ta 'yan mata, ba irin wadda idonmu ya saba da ita ba ce, kuma kiɗan yana da ƙarfi sosai. Na ga 'yan mata masu hijabi da suka tsara shigarsu cikin sutura, babu kuma wanda ya dube ni sau biyu saboda kaftani da hula, sai ma wani yaro da ya tambaye ni wane jarumi nake kwaikwaya. Ƙa'idar wurin ita ce ba a ɗaukar hoton mutum sai da izininsa, kuma an kiyaye ta. Wanda yake da damuwa a kan hukuncin hotuna da mutum-mutumi ya san cewa wurin cike yake da su, ya kuma warware wannan da malaminsa tun yana gida.

Masu shirin ba su tanadi wurin salla ba. Da Azahar ta yi, wani mai gadi ɗan Arewa ne ya nuna mini inda shi da abokan aikinsa ke shimfiɗa tabarma a bayan ginin, ya kuma ba ni buta. An yarda mutum ya fita ya dawo muddin takardar da aka ɗaura masa a wuyan hannu ba ta tsinke ba, don haka a kula da ita wajen alwala. Abincin wurin tsada gare shi, kuma taliyar da aka sayar da sunan ta Japan ba ta bambanta da wadda mai shayi ke dafawa ba sai a farashi. Da yake naman alade yakan shiga romon irin wannan taliya a ƙasarta ta asali, ya kamata a tambaya kafin a saya. Wanda ya iya haƙuri ya bari sai ya fito ya biya ta Obalende, inda Hausawa suke da yawa kuma tsire da masallaci duk suna kusa.

Na bar wurin bayan La'asar, kafin a fara shagalin dare wanda aka ce shi ne ƙololuwar taron, kuma ina ba duk wanda aiki ya kawo shawarar ya yi haka, saboda tsaro a garin da bai sani ba da kuma cunkoson gada. Ban ga dalilin komawa rana ta biyu ba, tunda jadawalin kusan maimaici ne, kuma Lahadi ta fi amfani wajen hutawa da shirya abin da za a gabatar ranar Litinin. Idan taron ya faɗo a ranar aiki, ko kuma zai sa a ɗage jirgin komawa a ƙara kwanan otal, bai kai wannan matsayi ba ko kaɗan. Wanda kuma sayayya ce kawai ke ransa zai samu kayan nan a intanet da rahusa. Kafin a biya kuɗin tikiti, a duba shafin masu shirin a ga ko sun fitar da sunayen masu zanen da za su baje aikinsu da lokacin zaman tattaunawa. Idan sun fitar, a isa da hantsi da tsabar kuɗi kaɗan a aljihu, domin a cikin zauren sabis ɗin waya yakan ɗauke kuma yawancin masu zanen ba su da na'urar POS.