Kwabo biyu a kan tayar mota: abin da na gani a Faransa

Salamu alaikum jama'ar Garwa, musamman 'yan garejinmu na Yelwa. Kun san shekara goma sha ɗaya na yi ina kwance injin mashin ina ɗaurawa kafin na taho Faransa, to ranar Lahadin da ta wuce wani tsoho ya koya min aikina da kwabo biyu, kuma har yau abin bai bar raina ba.

Akwai wata ƙungiya kusa da inda nake zaune, suna tseren ƙananan motoci masu rimot a cikin wani babban ɗaki da aka shimfiɗa wa kafet. Kar ku ɗauka irin na yara ne da ake sayarwa a kasuwa lokacin sallah. Waɗannan siffar motocin Formula 1 gare su, an rage girman sau goma, tayoyin baya ne kawai ke ja, suna da sifirin da giya da boris da komai, batirin LiPo mai gida biyu, kuma manya ne masu furfura ke tuƙawa. Akwai ta Tamiya ta Japan, F104, akwai Xray X1 da ake ƙerawa a Slovakiya. Ni ta hannu na saya yuro 150, wato kusan sefa dubu 98, kuma wanda ya sayar min sai da ya zauna ya lissafo min duk abin da ya taɓa karyewa a jikinta, har da wanda ba zan taɓa ganowa da kaina ba. Ku tuna yadda ake sayar mana da mashin a gida, a wanke a goge a zuba baƙin mai mai kauri don ƙara ta ɓoye, a rantse maka da Allah.

To motar tawa idan ta sha kwanar hagu lafiya lau, amma da na shiga kwanar dama na ba ta wuta sai bayanta ya zame ta juyo tana kallona. Sati uku ina fama, na canja taya, na ɗaure nan na sassauta can, duk da ido nake yi yadda muka saba, har na fara zargin an cuce ni. Tsohon nan yana teburin gefena yana kallo bai ce komai ba, sai ranar ya ce in kawo ta. Ya ɗora ta a kan wani faranti mai santsi wanda ba tudu ba kwari, ya fara auna tsayinta daga ƙasa da wani ɗan ƙarfe mai matakala, milimita huɗu da ɗoriya gaba da baya, ya auna karkatar tayoyin gaba, digiri ɗaya kowanne ɓangare. Sannan ya laluba aljihu ya ciro kwabo biyu ya ɗora ɗaya kan kowace tayar gaba, ya zura bakin wuƙa a daidai tsakiyar gaban motar ya ɗaga a hankali a hankali. Na hagu ya faɗi, na dama yana nan zaune. Ya ce ka gani, nauyinta ba daidai yake kan tayoyin ba, ɗaya daga sifirin ɗin gefe na baya ya fi ɗan uwansa dannawa. Ya murɗa ɗan sukurun sifirin ɗin kwata ɗin zagaye, ya sake gwadawa, ya ƙara kaɗan, sai ga kwabban sun faɗi tare, ƙara ɗaya na ji. Na sa ta a fili wallahi kamar an canja min mota.

Jikina ya yi sanyi, domin na tuna mashin nawa na sallama wa 'yan acaba da tayar baya a karkace, na daidaita sarƙa da ido na ce je ka a haka ma zai yi. Mutum ya ɗauki mace da goyo ya hau gadar Binuwai a kan aikin da ban auna ba. Nan kuwa motar wasa ce da ba ta ɗaukar kowa, amma mutum ba zai yarda da rabin milimita ba.

Ya ba ni ɗan littafi ya ce duk abin da na taɓa in rubuta, kuma kar in taɓa abu biyu lokaci guda, in ba haka ba ba zan san wanne ya yi aiki ba. In gaba ya ƙi shan kwana a sa masa sifirin mai laushi, a gwada, a duba lokaci. Maganin da ake shafa wa taya don ta kama kafet, na baya a shafe duka, na gaba rabin ciki kawai, a bar shi ya sha sannan a goge. Tsakanin ƙaramar giya da babba a bar ɗan sarari kamar kaurin takarda. Wata 'yar na'ura ce a cikin kowace mota take ƙirga zagaye, ba gardamar ni na riga ka.

Ba wai komai nasu ya yi min ba fa. Sai ka biya kuɗin lasin na FFVRC, hukumar tseren motocin rimot ta Faransa, kafin ka shiga gasa ta ƙa'ida, kuma ranar gasata ta farko mai duba motoci ya sa mita a batirina ya ga ya ɗara iyakar da aka yarda, bolt 8.40, da ɗan ƙiris, ya ce in je in rage, ba ya ko ɗaga kai ya dube ni, ga layi a bayana. Ba sannu ba yi haƙuri. Kuma mutanen nan ba su san gyara ba sai canji, abu ya ɗan lanƙwashe sai kwandon shara, ni na miƙe wani ƙarfen sitiyari da filaya suka taru suna mamaki. Amma kayan da ka yi oda da lambarsa shi zai zo, kwana biyu uku yana akwatin wasiƙarka, ba a ce maka orijina ne ka ɗaura ya narke kafin sati, irin boris ɗin da wani mai shago ya sayar min har sau biyu a gida.

Abin da ya fi tsaya min, in ka gama tserenka na minti biyar ba ka tafiya, sai ka tsaya bakin fili kana ɗaga motocin waɗanda suka biyo bayanka in sun kife, likita ne kai ko lebura. Ina tsaye a wurin sai yaran unguwarmu suka faɗo min, masu ƙera mota da waya da gwangwanin madara, su yanka tsohon silifas su yi taya, har sitiyari mai juyawa suke yi mata da dogon kara, cikin zafin watan Afrilu ba takalmi. Hannun nan muna da shi, amma da yaro ya shigo gareji sai mu yi shekara biyu muna aikensa sayen shayi, in ya tambayi dalilin abu a daka masa tsawa.

Ƙanena da ke riƙe da garejin yanzu, na saya maka ma'aunin kauri mai nuna lamba da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, zan ba wani mai zuwa Yawunde ƙarshen wata ya sa maka a mota. Dan Allah kar ka kulle su a akwati don gudun lalacewa, ka bar yaran su riƙe su auna da hannunsu. A gaida su Inna.