Shasin fayif don motar gudu ta ƙirar gida: abin da na gani bayan na hau shi

Duk mai niyyar ƙera motar gudu a gida, da shasi zai soma karo, domin a kansa za a ɗora inji da giyabos da tayoyi da kujeru. Ni a Kaduna na haɗa tawa bisa tsarin da ake kira Locost, kuma bayan na yi ta tuƙa ta, ra'ayina shi ne babu shasin da ya fi shi dacewa da mai aiki a gareji na gida. Amma yana da sharuɗɗa, kuma wasunsu a wurinmu sun fi tsauri fiye da ƙasar da aka ƙirƙiro shi.

Asalin tsarin daga Ingila yake. A 1957 Colin Chapman ya fitar da Lotus Seven, ƙaramar mota mai kujera biyu, ba rufi, ba kayan ado, sai sauƙin nauyi. A 1973 kamfanin Caterham ya sayi haƙƙin ƙirar, kuma har yau yana yin ta. Sai a 1996 Ron Champion ya wallafa ma'aunan wani shasi mai kama da shi wanda mutum zai iya yankawa ya yi waldarsa da kansa, ya ciro inji da aksul daga tsohuwar Ford Escort. Shi ne Locost. Ƙashinsa fayif ne mai kusurwa huɗu, milimita 25 kowane gefe, kauri kusan milimita 1.6, an harhaɗa shi alwatika kan alwatika.

Kafin na tsaya a kansa, na auna sauran hanyoyin. Shasin tsani, irin na Hilux, shi ne mafi sauƙin samu a wurin 'yan gwangwan, kuma abokai da dama shi suka nuna mini. Yana da juriya, amma nauyi gare shi, yana ɗaga mota sama, kuma yana murɗewa idan aka shiga kwana da ƙarfi. Don ɗaukar buhuna aka yi shi. Faifan ƙasan Volkswagen Beetle, wadda aka riƙa haɗawa a Legas tun 1975, ya daɗe yana yi wa masu ƙirar gida aiki a Amurka, to amma samun wanda tsatsa ba ta cinye ba yanzu sai an tona, ga shi injin a can baya yake. Yanke rufin wata Corolla kuwa ban ma tsaya a kansa ba, don ƙarfin irin waɗannan motocin a bodinsu yake, da ka cire rufin ka karya mata baya.

Abin da ya ja ni ga shasin fayif shi ne ƙarfinsa daga tsari yake fitowa, ba daga kaurin ƙarfe ba. Kowane fayif ko dai ana jan sa ko ana danna shi, ba a lanƙwasa shi, muddin alwatikan sun cika. Ranar da muka gama walda, ni da yaron shago muka ɗaga shi mu biyu muka juya shi ba tare da wahala ba. Motar da aka gama a kan irin wannan shasi nauyinta kan tsaya wajen kilo 600, kusan rabin na motar da aka ciro injin daga cikinta. Wannan ragin ne kake ji a ƙafarka da zarar ka taka totur.

Sai dai ga babbar maganar: kada ka sayi fayif ko guda ɗaya sai ka ajiye motar da za ta ba ka inji a ƙofar gida. Escort ɗin da aka zana ma'aunan farko dominta ba ta nan a kasuwarmu, Mazda MX-5 da Turawa suka koma amfani da ita ma da wuya ka gan ta. Abin da muke da shi mai tura tayoyin baya, irin wanda wannan shasi ke buƙata, su ne tsofaffin BMW da Marsandi da Fijo 504. Na ɗauki BMW E36 mai inji silinda huɗu, lita 1.8. Injin ya fi na Escort tsayi da faɗi, kuma a karkace yake zaune. A ma'aunan asali ba zai shiga ba sai an cire fayif ɗin da ke ratsa ɗakin inji, wanda kuma shi ne ke hana gaban motar murɗewa. Don haka na bi ma'aunan McSorley 442, wani gyararren zanen Locost, waɗanda suka ƙara inci huɗu a faɗi, huɗu a tsawo daga gaba zuwa baya, biyu a tsayi daga ƙasa zuwa sama. Wannan ƙarin ya amfani jikina ma, domin a na asali wurin ƙafa matsattse ne ƙwarai, mai babban takalmi zai iya taka birki da totur lokaci guda. Ka zauna a ƙasa, ka jingina da bango, a zagaye ka da alli, ka gwada da zanen kafin ka zaɓa.

Ƙafafun gaba na E36 ma ba sa hawa yadda suke, saboda shokazobansu dogaye ne, a tsaye. Dole aka ƙera hannuwa biyu-biyu sama da ƙasa, aka yi wa kan tayar mahaɗi a wurin mai injin sassaƙa ƙarfe. A nan ne kuɗi da lokaci suka fi tafiya, ba a kan shasin kansa ba.

Batun fayif ya cancanci a daɗe a kansa. Galibin wanda ake sayarwa a kasuwa na ƙofa ne da taga. Na shiga wani shago da ma'aunin kauri a aljihu, mai shagon ya rantse mini cewa 1.5 ne, na sa ma'auni a bakin fayif ɗin, ko 1.2 bai kai ba. Irin wannan zai riƙe ƙyauren gida shekara da shekaru, amma ba zan ɗora ran mutum a kansa ba. Ka auna kowane sanda da kanka, ka duba ɗinkin da ke tsawonsa ko ya haɗu sosai. Waldar sanda da aka saba da ita a bakin titi tana huda fayif mai wannan kauri. Injin MIG ake so, wato injin walda mai aiki da waya da iskar gas, da mai walda mai haƙuri. Na sami nawa a Panteka, dattijo ne da ba ya gaggawa. Muka shimfiɗa katako mai kauri a kan tebur, muka daidaita shi da ma'aunin ruwa, muka zana layin tsakiya. Kowane fayif sai an ɗisa masa walda kaɗan, a auna daga kusurwa zuwa kusurwa, sannan a ci gaba. Wata rana na matsa masa ya cika waldar gefe ɗaya mu huta, ya ɗago gilashinsa ya ce, "Alhaji, ƙarfe in ya ji wuta ja yake yi. In na cika nan yanzu, gobe motarka a karkace za ta yi tafiya." Haka ya riƙa yi, nan kaɗan, can kaɗan, har aka gama ba tare da shasin ya goce ba.

A kan hanya, motar tana bin sitiyari nan take, ba ta tangaɗi a kwana, kuma ba na jin ƙara ko motsi daga mahaɗan. Wannan shi ne abin da na biya kuɗi da gumi dominsa, kuma na same shi.

Illolinsa ma a fili suke. Motar a ƙasa take ƙwarai, kaskon man inji ne mafi kusa da kwalta, kowane tudun rage gudu sai na bi shi a karkace a hankali. Na ɗaga ta kaɗan, na sa farantin ƙarfe a ƙarƙashin injin. Zafi kuma ba wasa: giyabos yana gefen ƙafarka, salansa na gefen ƙugunka, falle ɗaya na alminiyam ne a tsakani. A watan Afrilu sai da na liƙa abin tare zafi a duk bangon wurin ƙafa. Kariya daga gefe kusan babu, shi ya sa na ƙara baka na fayif mai kauri a bayan kujeru da sanduna a gefe, na ɗaure bel a jikin shasin kansa. Wajen wannan na bi ƙa'idojin gwajin IVA da Birtaniya ke yi wa motocin ƙirar gida tun 2009, don sun fayyace inda bel zai kama da yadda za a dakushe duk wani gefe mai kaifi. Sannan kowane ramin ribit, wato ƙusar da ke kafe fallen alminiyam a jikin fayif, ƙofa ce ga ruwa, sai an fesa maganin tsatsa a cikin fayif kafin damina.

Ga mai son motar zuwa aiki ko ta ɗaukar iyali, wannan shasi ba nasa ba ne. Ga mai son motar kujera biyu da zai ji daɗin tuƙinta a hanya mai kyau, wanda kuma ya sami fayif na gaske da mai walda na gaske, ina ba shi shawarar ya ɗauki ma'auni mai faɗin, ya ajiye injinsa da giyabos a kan teburin tun kafin a yanka fayif na farko.