Injin zuƙar majina na lantarki ko na takawa: wanne ya dace da ƙauye?

'Yar'uwa, kin ce za a sallamo Baba daga Asibitin Malam Aminu Kano da bututun numfashi a maƙogwaro, za ku koma ƙauyenku wajen Ringim, kina tambayar injin zuƙar majinar da za ku saya: na lantarki ko na takawa da ƙafa. Allah ya ba shi lafiya.

Na lantarki ya fi daɗin aiki, wannan ba musu. Ana saita masa ƙarfin zuƙa, ga babba yawanci 80 zuwa 120 mmHg (ma'aunin ƙarfin zuƙa da ke jikin injin), kuma ba ya hawa ba ya sauka, hankalinki duk yana kan tiyo, wato siririyar robar da ake zurawa cikin bututun a zuƙo majina. Da hunturu ake ganin amfaninsa sosai. Iskar da ke shiga ta bututu ba ta bi ta hanci ba balle ta samu danshi, sai majina ta yi kauri ta yi danƙo, shi kuwa yana jawo ta ba wahala. Amma a ce ƙarfe biyun dare an ɗauke wuta, Baba yana kakari, majina na yin ƙara a bututu. Kafin a nemo tocila a tada janareto fa?

Na takawa ba ruwansa da wuta ko fetur. Aibinsa, ƙarfinsa na bin ƙafar mai takawa ne, in ta gaji zuƙa ta ragu. Ya fi kyau mutum biyu: ɗaya na takawa, ɗaya na riƙe da tiyo.

Ni dai a ganina, gidan da wuta ba ta tsayawa dole ya mallaki na takawa. In da hali, ku ƙara da mai batir da ake caji ko da sola ce.

Ko wanne kuka ɗauka, ki wanke hannu, ki sa safar hannu. Kaurin tiyo kada ya wuce rabin faɗin ramin bututun. Ba a zuƙa lokacin zurawa, sai ana zarowa a hankali, kuma kada a wuce sakan 10 zuwa 15, domin har iskar da Baba yake shaƙa ake janyewa. Ki bar shi ya numfasa kafin ki sake. Idan tiyo ya ƙi shiga, in bututun Baba mai biyu ne, wani a cikin wani, ki zare na cikin, ki wanke shi. In numfashi bai daidaita ba, a garzaya asibiti mafi kusa.

Kafin sallama, ku roƙi nas ta tsaya a kanku, ke da wani daga gidan, kowa ya gwada da hannunsa.