Mai ɗaukar nauyi ko rangwamen shago: wanne ya fi wa ɗan kolts?

Hajiya, tsakanin nemo wa ƙungiyar yaronki ta kolts, wato ƙwallon ƙafa na yara a Gana, mai ɗaukar nauyi da zaman jiran rangwame a shago, ku nemi mai ɗaukar nauyi. Amma na unguwa, irin mai kemis, mai MoMo (tura kuɗi ta waya) ko alhajin da ke canjin kuɗi a unguwar Nima ta Accra. Manyan kamfanoni ba sa waiwayar wasiƙar 'yan ƙasa da shekara 12.

Iyaye uku ku raka koci, ku je da takarda ɗaya mai jerin kaya: riga da wando 18, rigar gola biyu masu launi daban, safa, abin kare ƙwauri, ƙwallo biyar lamba 4, domin lamba 5 ta yi wa yara nauyi. Ku ce kaya kuke so, ba kuɗi ba. Kuɗi in ya shiga hannun mutum ɗaya, rigima ta zo. A buga sunan shagon mai ɗaukar nauyin a ƙirjin rigar. Ranar wasan farko a filin Kawukudi a kira shi ya buga ƙwallon buɗewa, yara su jeru a yi hoto ya liƙa a bayan kanta. Wanda aka yi wa haka, baɗi shi zai tambaye ku ko rigunan sun tsufa. Rigar ta ƙungiya ce, koci ya tattara bayan wasa, in ba haka ba za ki gan ta a gidan suna.

Rangwame kuwa, a Decathlon ko wani shago, sau da yawa lambar da ta yi kwantai ce. Takalmi kawai za ki nema a can, ko gwanjon kasuwar Kantamanto. Ki lanƙwasa shi ki duba ko tafin ya fara rabuwa, ki bar sararin yatsa ɗaya a gaba. In filin roba yake wasa, mai ƙananan haƙora za a saya.

Ki yi hattara da masu liƙa tambarin Nike a jabu, wanki biyu gam ya saki. Haka masu karɓar kuɗin "gwaji" da sunan kai yaro Turai. Dokar FIFA ta hana irin wannan tafiya kafin shekara 18, sai da dalilai ƙalilan. Ɗan wasan Gana Mohammed Kudus ma daga Nima sai da ya bi ta makarantar ƙwallo ta Right to Dream, ya cika 18 sannan ya buga wa Nordsjaelland a Denmak a 2018.