Keken guragu mai naɗewa: ya dace da tsohon da ke zaryar asibiti?

Tsohon da ya haɗa hawan jini da ciwon suga da ciwon gwiwa, ba kuɗin magani kaɗai ke hana shi zuwa asibiti ba. Akwai tafiyar: daga bakin ƙofa zuwa layin kati, zuwa ɗakin gwaji, zuwa wurin karɓar magani. Nan keken ƙarfe mai naɗewa yake da rana.

Wanda aka fi samu a shagunan kayan asibiti faɗin mazauninsa inci 18 ne, tayoyin baya inci 24, nauyinsa wajen kilo 18 zuwa 20, kuma galibi yana ɗaukar mutum har kilo 100. Da an ja tsakiyar mazaunin sama ya naɗe, ya shiga but ɗin mota. A adaidaita sahu kuwa sai da dabara.

Aibinsa mazaunin ne. Leda ce zalla, tana daɗewa sai ta lotsa, ƙugu ya karkace, doguwar zama a layi kuma na iya jawo gyambo a ɗuwawu. A ɗora matashin soso mai kaurin inci 3 zuwa 4, a riƙa ɗaga mutum ko karkata shi duk bayan minti 30. Mai suga kada ya hau ba takalmi, domin ƙafar da jijiyarta ta mutu takan zame daga mataki ta gogi ƙasa bai sani ba.

Ƙananan tayoyin gaba suna nutsewa a yashi, sai a juya keken a ja da baya. Birkinsa na ajiyewa ne kawai, a kulle duka biyun kafin Baba ya miƙe. A zaɓi taya marar iska, saboda ƙaya.