Wace fitila za ka saya wa tankin murjani, kuma yaya ake tarbar sabon dashe?

Ranar da kwalin ya iso gidanmu a wani ƙauye da ke bayan Ringim, Inna ta leƙo ta tarar ina kwance leda a hankali kamar mai ɗaukar ƙwai. Ta dubi abin da ke ciki ta ce, "Yanzu kai ɗan nan, dutse ka sa aka aiko maka tun daga Legas? In dutse kake so ai ga Dutse nan kusa." Na ce, "Inna, murjani ne, mai rai." Ta ce murjanin da ta sani ja ne, kuma a wuya ake sa shi.

Kowannenmu da gaskiyarsa. Na wuyan amare ƙashin wani nau'i ne da ake cirowa daga Bahar Rum, a lungunan dutse masu duhu yake tsirowa, ba ruwansa da rana. Wanda ake kiwo a tankin gilashi kuwa ɗan tekuna masu ɗumi ne, irin na Indonesiya da Ostareliya da Bahar Maliya, kuma abincinsa a haske yake. Dabba ce, ba tsiro ba, amma a cikin naman jikinta akwai wasu ƙananan halittu dangin gansakuka da ido ba ya gani. Su ne ke karɓar haske su haɗa abinci, su ciyar da mai masaukinsu. In haske ko zafi ya yi yawa, sai murjanin ya fatattake su daga jikinsa, ya koma fari fat, yunwa ta fara cinsa.

Abin da ya sami wancan ɗan gutsuren da Inna ta yi wa dariya ke nan. Nau'in da ake kira Montipora ne, launin ruwan lemo, bai wuce faɗin murfin kwalba ba. Ɗoki ya sa na ɗora shi a kan dutse mafi tsayi, na ƙure fitila. A kwana na shida ya zama kamar alli. Ba cuta ce ta kashe shi ba, ni ne. Shi ya sa duk wanda ya tambaye ni fitilar da zai saya, nakan ce ya fara tambayar kansa abu biyu: me solarsa za ta iya ɗauka, kuma fitilar tana da wurin rage haske?

Fitilun da ake amfani da su iri uku ne. Ta farko ba za ta ci mana lokaci ba. Ita ce ta halaid, irin ƙwan da ake haska filin ƙwallo da shi, mai wat 150, 250 ko 400. Murjani yana son haskenta, shekaru da yawa ita ce sarauniya a wajen masu kiwo a Turai da Amurka. Amma murhu ce. Murjani yana son ruwa ya tsaya tsakanin digiri 24 da 26, in ya daɗe a kan 30 sai ya fara fari, mu kuwa a Afrilu da Mayu zafin waje yana haura 40. Ga cin wuta: mai wat 250 in ta yi awa takwas ta sha kilowat-awa 2, kusan duk abin da batir mai amfiya 200 da bolt 12 yake riƙewa, alhali irin batiran ruwa da muka fi amfani da su ba a so a sha fiye da rabinsu. A bar wa masu sanyi kayansu.

Ta biyu ita ce T5, dogon ƙwai siriri, ɗan'uwan fitilar da muka saba gani a ofisoshi da asibitoci. Tsawon ƙwan ke nuna cin wutarsa: na santimita 60 wat 24, na 90 wat 39, na 120 wat 54. Kyanta shi ne tana shimfiɗa haske daidai wa daida, babu wurin da ya fi wani ƙuna, babu inuwa mai duhu a ƙarƙashin rassa. Sabon shiga da wuya ya ƙona murjani da ita. Matsalarta a wajenmu ƙwan ne. Ana canza shi duk wata 9 zuwa 12, ko da yana kamawa, domin launin haskensa yana gushewa tun ido bai lura ba. Kuma ba ƙwan kasuwar Sabon Gari ba ne. Sai an yo odar mai shuɗin haske na musamman, ya biyo hanya a mota, gilashi siriri mai tsawon mita guda a bayan motar haya. Na bar maka lissafin sauran. In kana da wanda ke zuwa Legas ko Abuja a kai a kai, kuma mai amana da kaya, T5 ba laifi. Yawancinsu ba su da wurin rage haske, sai dai ka kashe wasu ƙwayayen ko ka ɗaga fitilar sama.

Ta uku ita ce LED, kuma ita nake ba da shawara, amma LED suna suka tara. Akwai masu tsada irin su Radion na EcoTech Marine, da Hydra da Prime na AquaIllumination, da Kessil, da ReefLED na kamfanin Red Sea. Mafi yawansu da waya ake sarrafa su, ka tsara lokacin da za su kama da lokacin da za su mutu, ka raba shuɗi da fari, kuma da dama cikinsu suna da tsarin sabawa: ka gaya mata ka sa sabon murjani, ta rage kanta, ta riƙa ƙaruwa kaɗan kaɗan har tsawon kwanakin da ka zaɓa. Mai wat 50 zuwa 90 tana isar tanki mai faɗin santimita 45 zuwa 60. Kuɗinsu dala yake bi, don haka ka tambayi farashin ranar da za ka saya.

Akwai kuma baƙin akwatin nan na Sin, wanda ake rubuta wa wat 165, mai maɓallin murzawa biyu, ɗaya na shuɗi ɗaya na fari. Masu kuɗi suna raina shi, amma yana rayar da murjani. Aibinsa shi ne yana tattara haske a tsakiya kamar tocila, sai an rataye shi sama sosai, taƙi ɗaya da rabi ko biyu daga ruwa, kuma wanda ya ƙure shi ya yi ɓarna. Yana da ƙaramar fanka a ciki, ita kuwa ƙurar hunturu abokiyar gabarta ce. In ba ka hure ta duk mako ba za ta toshe, fitilar ta ɗau zafi, ƙwayoyin su fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya shafi masu tsadar ma, matuƙar suna da fanka.

Abin da ba zai yi ba shi ne fitilar sola ta tsakar gida ko farin ƙwan ɗaki. Halittun da ke jikin murjani sun fi amfana da shuɗin haske, wanda ke tsakanin nanomita 420 da 470, domin shi ne ke ratsa ruwan teku ya kai ƙasa bayan ja ya ɓace a mitocin farko. Farin ƙwai gansakuka zai noma maka. Ita ma fitilar tankin kifin ruwan daɗi, ta masu kiwon kifin ado, ba ta wannan aikin ba ce.

Fitila kuma ba a sayenta sai an san abin da za ta haska. Masu kiwo suna auna hasken da murjani ke amfana da shi da wani ma'auni da ake kira PAR. Masu laushi marasa ƙashi, irin su Zoanthus da masu kama da laima da masu kama da fata, 50 zuwa 150 ya ishe su. Masu ƙashi da manyan bakuna, irin Euphyllia, suna zama lafiya a wajen 75 zuwa 150. Masu rassa da ƙananan bakuna, wato Acropora da danginsa, su ne ke neman 200 zuwa 350, ga son ruwa mai ƙarfi, ga rashin haƙuri da kowane canji. Mutumin da wutarsa ta dogara da sola da ɗan janareta, ya fara da masu laushi. Za su yafe maka kuskuren da Acropora ba zai yafe ba, kuma ƙaramar fitila ta ishe su, ka ga batirinka ya huta. Na'urar auna PAR tana da tsada, manhajar waya kuwa ba ta karanta shuɗin haske daidai, don haka yawancinmu da ido muke aiki. Mai saye ya tambayi mai sayarwa wace fitila murjanin yake ƙarƙashinta, a kashi nawa, a wane zurfi. Ya kuma nemi wanda aka haifa a tanki, ba wanda aka fasa daga teku ba. Duk murjanin tanki mai ƙashi yana cikin jeri na biyu na CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin halittun da ake tsoron ƙarewarsu, shigo da shi ƙasa sai da takarda.

Sai ranar isowa. Ka sa a turo ta jirgi zuwa filin Malam Aminu Kano, a cikin kula, ka je ka karɓa da kanka. Kada kwalin ya zauna a but, ko a kan kujerar da rana ke duka. Ni da sassafe ko bayan la'asar nake kamo hanyar Gezawa da shi. Duk wanda ya taɓa dashen tumatir ko tattasai ya san ba a cire iri daga gadonsa a kafa shi da tsakar rana. Murjanin kuwa ya kwana ɗaya ko biyu a cikin duhu ƙirin, ya sha girgiza.

Ka kashe fitilar tanki, ka buɗe kwalin a ɗaki mai ɗan duhu. Ka sa ledar a ɗaure ta yi iyo a saman tanki minti 15 zuwa 20 don zafin ruwan ya daidaita. Daga nan ka buɗe, ka auna gishirin ruwan ledar ka gwada da naka, wanda ya kamata ya kasance 1.025 ko 1.026 a na'urar auna gishiri. In sun yi kusa, kada ka ɓata lokaci. Wasu suna ɗiga ruwa awa biyu, amma murjanin da ya daɗe a hanya ya riga ya tara ammoniya a ledarsa, kuma da zarar iska ta shiga, dafinta yana ƙaruwa. In akwai rata a gishirin, ka riƙa zuba ruwan tanki kofi kofi na kamar rabin awa, shi ke nan.

Kafin ya shiga tanki sai an yi masa wanka. Akwai magunguna na wannan aikin, irin su CoralRx da Revive. Ka haɗa da ruwan tanki a roba, yadda aka rubuta a kwalbar, ka tsoma shi minti 5 zuwa 10 kana ɗan kaɗa ruwan. Ka yi a farar roba don ka ga abin da ke faɗowa. Karon farko da na yi, na ga wasu tsutsotsi masu faɗi kamar ƙwayar riɗi suna zamewa ƙasa, ban ƙara tsallake wankan ba. Ka ɗauraye shi a wani ruwan tanki mai tsabta, ruwan leda da na magani kuma a zubar. Ka sa safar hannu da tabarau, musamman in Zoanthus ne ko Palythoa, domin wasunsu suna ɗauke da dafi mai kisa da ke shiga ta ciwo ko ido. Kada a taɓa tafasa dutsen da suke kai, tururinsa ya kwantar da iyalai a asibiti a ƙasashen waje. Robar wankan kada ta koma madafi, yara kuma su tsaya nesa.

Ka ajiye shi a ƙasa, a kan yashi, gefe, inda ruwa ke kaɗawa a hankali. Washegari ka kunna fitila a rabin ƙarfin da ka saba, ka riƙa ƙara kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari duk mako, har mako uku ko huɗu. In fitilarka ba ta raguwa, ragar sauro ta taga za ta yi aikin: ka shimfiɗa uku a tsakanin fitila da ruwa, nesa da zafin ƙwan, duk mako ka cire ɗaya. Ta ma fi dacewa in akwai tsofaffin murjani a tankin, domin sai ka rufe gefen baƙon kawai. Kada ka manne shi da gam sai ya nuna ya yarda da wurin.

Shi zai gaya maka. In ya fara kodewa, yana tsukewa da rana, haske ya yi yawa, ka sauko da shi yau, ba gobe ba. In ya koma ruwan ƙasa yana miƙa wuya sama, ƙari yake nema, kuma wannan ba gaggawa ba ce, ana gyara ta cikin makonni. Tsakanin kurakuran biyu, na biyun nake zaɓa.

Awa 8 zuwa 10 na haske sun isa. Da damina da hunturu nakan kunna daga ƙarfe tara na safe, lokacin da farantin sola ke ba da wuta kai tsaye. Da bazara nakan matsar da shi ya fara tun asuba ya mutu kafin azahar ta yi nisa, in sa fanka ta riƙa hura saman ruwa. Hakan yana sauke zafin da digiri ɗaya ko biyu, sai dai ruwa yana ƙafewa da sauri, kuma gishiri ba ya tafiya tare da shi, don haka cikon na ruwan da aka tace da na'ura ne, marar gishiri, ba na burtsatse ba. Daren hunturu kuma sai an sa hita. In hadari ya rufe rana batir ya yi ƙasa, fitila ce farkon abin da nake kashewa. Murjani yana jure kwana biyu ko uku a duhu, amma in famfon da ke juya ruwa ya tsaya, iskar numfashi tana ƙarewa cikin awanni. Shi ya sa famfona yake kan batirinsa daban.

Zoanthus ɗin da na saya bayan wancan ya zo da baki bakwai, yanzu ya rufe dutsensa ya fara hawa na kusa. Inna takan shigo kafin fitila ta mutu, ta ja kujera ta ƙirga su, in ta ga ɗaya a rufe ta ƙwala mini kira daga ɗaki.